Ingiza Mai Kantu Ruwa

Ranar 11 ga watan Janairun 2005, a hamadar Muritaniya, tsakanin Atar da Kiffa, Fabrizio Meoni ya faɗo daga kan babur, bai sake tashi ba. Mutumin Italiya ne, shekararsa 47, kuma sau biyu a jere yana cinye tseren Dakar, a 2001 da 2002, a kan babur ƙirar KTM. Tun kafin a tashi ya shaida wa mutane cewa daga wannan zuwan ya gama, gida zai koma ya zauna da iyalinsa. Da labari ya kai zango, ƙartin maza waɗanda suka saba da ƙura da karaya suka zauna suna zubar da hawaye. Washegari masu babura suka ce ba su da zuciyar yin tsere, aka soke musu zangon Kiffa zuwa Bamako. Har yau, duk watan Janairu, masoyansa na tunawa da shi.

Ban ce kukan na ƙarya ba ne. An so mutumin, kuma an shaide shi da sauƙin kai da son mutanen ƙasashen da yake ratsawa. Amma masu sauƙin kai suna da yawa cikin 'yan tseren nan, ba wanda ya riƙe sunansu. Abin da ya sa duniya ta san Meoni shi ne, inda wani zai sassauta, shi nan ne yake ƙara murɗa totur. A kan wannan aka daɗe ana yi masa tafi, kuma shi ne ya zama sanadinsa. Masu tafin nan su ne suka cika wurin makoki, ba kuwa wanda ya tambaye su komai.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a Nijar. Wanda ya ƙirƙiro shi, Bafaranshe Thierry Sabine, ɓata ya yi da babur ɗinsa a hamada a 1977, lokacin tseren Abijan zuwa Nis, da ƙyar aka tsinto shi. Maimakon ya tuba, sai ya koma gida ya gayyato wasu. Ranar 26 ga Disamban 1978 motoci da babura 182 suka bar Paris, 74 kaɗai suka ga Dakar, kuma tun a wannan karon farko aka yi rashi: wani mai babur, Patrick Dodin, ya faɗi kusa da Agadas, raunin ya zama ajalinsa. Shekara da shekaru ayarin na ratsa Tenere, ya yada zango a Dirku da Agadas, wani lokaci a Tawa da Yamai. A 1997 ma Agadas ce maƙurar tafiyar, daga Dakar aka taso, daga can aka juya. Shi kansa Sabine, ranar 14 ga Janairun 1986 jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gurma Rarus a Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya biyo ayarin don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. Aka ƙona gawar Sabine, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo da ke can cikin Tenere, har yau da sunansa ake kiranta.  Tseren 1986 kuwa bai tsaya don mai shi ya mutu ba, aka ci gaba har Dakar.

A wannan shekarar ce aka yi abin da ya fi tsaya mini a rai. Giampaolo Marinoni, shi ma ɗan Italiya, ya yi mummunar faɗuwa a zangon ƙarshe, saura ƙiris a isa. Ya tashi, ya sake hawa babur, ya daure har ya ƙetare layi ana ta sowa. Bayan kwana biyu ya cika a wani asibiti a Dakar, ashe raunin a ciki yake. Da ya kwanta inda ya faɗi ya jira likita, wataƙila da ya rayu, amma da ba wanda zai kira shi gwarzo. Ya san abin da jama'a ke jira ya yi, shi kuwa ya yi musu.

Sabine da bakinsa yake cewa tserensa jarrabawa ce ga wanda ya tafi, mafarki kuma ga wanda ya zauna gida. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Wanda ya zauna gida shi ke sayen jarida, shi ke kunna talabijin, kuma saboda idonsa ne kamfanonin mota da na taba da na mai suke zuba kuɗi. Ba don ɗan kallo ba, da kamfanin DAF na Holan bai ƙera babbar mota mai inji biyu don ta yi tsere da ƙananan motoci a kan rairayi ba. A 1988 ɗaya daga cikinsu ta yi ta wuntsilawa a Tenere, Kees van Loevezijn da ke cikinta ya mutu, kamfanin ya kwashe kayansa ya fita. Daga baya tseren ma ya bar mu, ba don mace-mace ba, sai don tsaro: a 2000 ɗaukar ayarin aka yi a jiragen sama daga Yamai aka tsallake da shi zuwa Libiya, a 2008 aka soke shi gaba ɗaya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A shekarar farko a can, Paulo Gonçalves na Fotugal ya faɗi ya mutu, aka sake sabon kuka.

To, mu dawo gida. A El Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi, ba mu da tseren Dakar, amma muna da direbobi, muna kuma da 'yan kallo. Ƙasar rairayi ce, ta gero da wake da gyaɗa. Duk wanda zai kai amfanin gona kasuwa, ko ya kai mara lafiya asibitin Mayahi ko na Tasawa, sai ya ratsa hanyar da taya ke nutsewa. Saboda haka direba a nan ba ƙaramin mutum ba ne. Yara sun san kukan motar kowa tun ba ta ɓullo ba.

Ku lura da abin da ke faruwa ranar kasuwa. Tsohuwar Toyota ce mai buɗaɗɗen baya, an yi mata lodin buhuna har sun ɗara kan direba, a kan buhunan mutane, a gefe akuya ɗaure da kaji a kwando. Kafin a shiga rairayi mai zurfi, direba zai sauko ya sa tsinke a bakin bawul ya rage iskar tayoyi, don tayar ta baje ta hau kan rairayin maimakon ta tona shi. Wannan kowane yaron mota ya sani. Abin da ba a son tunawa shi ne, in an fito hanya mai tauri, tsakuwa ko kwalta, sai an mayar da iskar. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, ga nauyi, ga gudu, ga zafin bazara, lanƙwashewa take tana miƙewa a kowane juyi, har ta ɗau zafi ta fashe. Mota mai dogon lodi kuwa, in tayar gaba ta fashe tana cikin gudu, da wuya ta ƙi kifewa, kuma na kan buhuna su ne ke fara isa ƙasa.

Direba mai hankali zai tsaya a bakin kwalta ya fito da famfo, yaronsa ya yi ta bugawa taya bayan taya yana haɗa gumi, ko kuma ya lallaɓa sannu har wurin mai faci. A nan ne za ka ji ra'ayin jama'a.

"Haba maigida, kasuwa fa za ta watse!"

"Wannan ai amalanke muka shiga. Da motar wane ce, da yanzu mun sayar har mun sha hura."

Wata tsohuwa daga ƙuryar buhuna ta ce, "Ƙyale su ɗana, yi aikinka, mu dai mu isa lafiya." Samari su bushe da dariya: "Inna, ke da ba ki da abin sayarwa sai kuka da kuɓewa, ina ruwanki da sauri?"

Mako mai zuwa, waɗannan fasinjoji motar wane za su jira. Shi wane ba ya tsayawa. Shi ake yi wa laƙabi da Guguwa ko Harsashi, shi yara ke kwaikwayo da motar kara, shi ake ba da labarin yadda ya wuce motoci uku a kwana ɗaya ba tare da ya taka birki ba. Mai tsayawa bugun taya kuwa ya tashi da rabin lodi. Direba ɗan kasuwa ne, yana kallon abin da ke kawo masa kuɗi da suna, in ya ga gudu ake saye, gudu zai sayar. Haka muke ingiza mai kantu ruwa, mu koma bakin gaɓa mu tsaya.

Ranar da abin ya faru, gari ya girgiza. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su zo daga ƙauyuka, kowa da abin faɗa: mutumin kirki ne, bai taɓa barin mai naƙuda a hanya ba ko da tsakar dare ne, ya sha ɗaukar wanda ba shi da kuɗin mota. Duk gaskiya ne. Sai a rufe da cewa kwana ne ya ƙare, a shafa fatiha. Wannan ma gaskiya ne, ba Musulmin da zai yi musun ajali. Amma malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ce kuma ta ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, ba ta ce ya tafi abinsa tunda rubutacce ne ba. Mu kan ɗauki rabin karatun da ya yi mana daɗi, mu bar rabin da zai sa mu tambayi kanmu wa ya ce masa ya ƙara wuta.

Na babura ma ya fi muni, don su ba sa ko jiran ranar kasuwa. Rakiyar amarya ta ishe su. Yaro ɗan shekara goma sha wani abu ya ari babur ɗin yayansa, ya saki hannu, ya miƙe tsaye, ya tada ƙura a tsakiyar gari, 'yan mata na guɗa, abokai na ɗauka a waya. Hular kwano kuwa sai a ce ta matsorata ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka, wadda ta fi kowace nahiya ƙarancin motoci, ita ta fi kowa asarar rayuka in an kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta kuma ce ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Wannan lissafi bai san Tenere ko hanyar Tasawa ba, ko'ina ɗaya ne.

Akwai kuma waɗanda ba a yi wa makokin da ya kai na direba. A tseren 1988 mota ta take wata yarinya 'yar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali. A shekarar ce jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren, ta kira shi baje kolin ƙarfi da dukiya a inda mutane ke mutuwa da yunwa da ƙishirwa. A tseren 2005, wanda Meoni ya mutu a cikinsa, wata babbar motar ɗaukar kayan 'yan tsere ta kashe yarinya 'yar shekara 5 a Senegal. A 2006 yara maza biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Ban ƙi ba, a wannan karon an daina lissafin lokaci a zangon ƙarshe don alhini. Amma ba wata bishiya da aka sa wa sunan ɗayansu, kuma masoyan tseren da za su iya jero maka sunayen gwanayen da suka faɗi ba za su iya kawo sunan yaro ɗaya ba. Meoni shi ya zaɓi ya hau babur, yana sane da abin da ke ciki. Yarinyar nan ta Senegal kuwa ba ta zaɓi komai ba, a garinsu aka same ta.

Mu ma haka muke ba da labari. A ce wane ya rasu a hanyar kasuwa, shi da wasu fasinjoji. Cikin "wasu" ɗin nan akwai yaron motar da ke maƙale a baya, akwai matar da ta bar goyo a gida, akwai 'yar tallar da ke tsaye a gefen hanya da farantin gyaɗa, wataƙila har da tsohuwar da aka yi wa dariya.

Shugabannin tasha da 'yan sandikar direbobi suna da abin yi a nan, su ke ba da layi, su suka san wa ke tsayawa, wa ba ya tsayawa. Jandarmomi ma haka. Amma mai karatu, ba sai ka jira su ba. In ka shiga mota ranar kasuwa, wani ya buɗe baki zai zuga direba, ka tanka masa tun kafin tsohuwa ta tanka. In direba ya tsaya mayar da iska, sauko ka kama wa yaronsa famfo. Mako mai zuwa kuma motarsa za ka jira, ko da ta wane ta riga ta cika.