Awon Jiya, Damben Yau

Wanda ya tsaya a Kasuwar Singa da hantsi, lokacin da tireloli ke sauke kaya 'yan dako na kai da komo, zai lura kusan kowane buhu da lamba a jikinsa. Sukari kilo 50, fulawa kilo 50, shinkafa kilo 50 ko 25. Ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Maiduguri ya sari buhu ɗari biyu ba ya cewa a ɗora masa su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Rubutun ya gaskata. An auna kayan a kamfani wata ranar da ta wuce, shi kuwa yau ya karɓa, kuma galibi lissafin yana fita daidai. Sai dai akwai kayan da ba sa zama yadda aka bar su. Gishiri yana shan danshi da damina ya ƙara nauyi. Sabulun sanda yana bushewa da hunturu ya tsuke. Shi ya sa in ka ce wa tsohon ɗan kasuwa, "Alhaji, wannan ya cika kuwa?" mai gaskiya zai ce maka, "Malam, ga sikeli can, ɗora ka gani yanzu." Ya san awon da aka yi jiya shaidar jiya ce.

Masu sayen shanshera sun fi kowa sanin wannan. Kafin a yi maganar kilo sai sun tauna ƙwaya sun ji bushewarta, manyan injinan casa kuma na'urar gwada danshi suke sokawa cikin buhu, don kada su biya kuɗin shinkafa a kan ruwa. Abin ba sabo ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji lema a ƙasa, ya kuma tuhume shi kan me ya hana ya bar jiƙaƙƙen a sama inda masu saye za su gani.

To, akwai wata sana'a da ake wannan wasa da ruwa a bainar jama'a, gaban kyamara, da yardar hukuma. Sai dai su cire ruwan suke yi kafin awo, su mayar da shi bayan an rufe littafi. Ita ce damben boksin.

Damben boksin na ƙwararru an kasa shi aji-aji bisa nauyi, aji 17 a lissafin da aka saba da shi, don kada a haɗa ƙato da ɗan tsurut. Da laba suke ƙirgawa, irin ta mahauta, kilo ɗaya kuwa laba biyu ne da ɗan ɗori. Akwai ajin laba 126, wato kilo 57, wanda Hogan Bassey ya ci kambunsa na duniya a Faris a 1957. Akwai na laba 160, kusan kilo 72 da rabi, wanda Dick Tiger ya ƙwace daga hannun Gene Fullmer a 1962, ya kuma kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963. Ajin ƙarshe, na su Anthony Joshua, ba shi da iyaka ta sama, don haka su ba ruwansu da wannan wahala. Sauran kuwa dole mutum ya hau sikeli, kuma allura kada ta wuce iyaka ko da ƙiris.

A da, da safiyar ranar dambe ake awo. A watan Nuwamba na 1982, a Las Vegas, wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Duk Koo Kim, wanda ya sha wuya kafin ya sauko zuwa laba 135, ya kara da Ray Mancini. An buge shi a turmi na 14, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Mutuwarsa ta sa aka rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12. A shekara ta gaba kuma aka fasa wani babban dambe tsakanin Michael Spinks da Eddie Mustafa Muhammad a ranar da za a yi shi, saboda Muhammad ya haura nauyi, masu shiri suka tafka asara. Daga shekarun nan ne aka koma yin awo kwana ɗaya kafin dambe. Likitoci sun so haka don wanda ya ƙuntata wa jikinsa ya sami lokacin sha da ci kafin a fara dukan kansa. Masu kuɗi ma sun so, don in an sami matsala akwai sararin gyara. Niyyar tausayi ce, ko aƙalla rabinta. Amma ta buɗe tazarar awa 24 zuwa sama da 30 tsakanin awo da naushin farko, kuma a cikin tazarar nan aka kafa sana'a sukutum.

Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban namiji ruwa ne, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗan damben da a zaman gida yake kilo 76, misali, sai ya sa hannu a kan zai yi dambe a ajin kilo 66 da ɗigo 7. Makonnin farko na atisaye kitse yake ƙonawa, wannan ba laifi. Makon ƙarshe ne ake shiga ruwa. Da farko sai ya yi ta ɗirkar ruwa fiye da kima har jiki ya saba da yawan fitsari, sa'an nan ya yanke shan kwatsam, jikin kuwa ya ci gaba da zubarwa. Ya bar gishiri, domin gishiri na riƙe ruwa. Ya bar shinkafa da burodi da taliya, domin sukarin da tsoka ke ajiyewa kowane giram nasa yana riƙe da wajen giram uku na ruwa. Daren ƙarshe sai ɗakin sirace, ko kwanciya cikin bahon ruwan zafi, ko gudu cikin rigar leda. Wasu har tofar da yawu suke yi cikin kwalba. Maganin sa fitsari haramtacce ne a dokar wasanni, amma ana kama masu sha. Mu da muka san la'asar ɗin azumi a watan Afrilu ba sai an yi mana dogon bayanin yadda harshe ke kafewa ba. Shi wannan da gangan yake ƙara wa kansa zufa a kai.

Sai ya hau sikeli ido ya zurma, kumatu sun lotsa, ya ɗaga hannu ya yi murmushin dole. Ana faɗin lamba, yaransa na miƙo gora. Daga nan sai ruwan gishiri da sukari, sai abinci kaɗan-kaɗan har dare, har wayewar gari. Ƙarin ruwa ta jijiya ma an yi ta yi, har hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta hana wuce mililita 100 cikin awa 12 sai da dalilin asibiti. Kafin a buga ƙararrawa mutum ya koma kusa da yadda Allah ya yi shi. Ƙashinsa dama bai ragu ba, tsawon hannunsa bai ragu ba, faɗin kafaɗarsa na nan. Abokin karawar da bai yi wannan dabara ba sai ya tarar da mutumin aji biyu sama da shi, naushinsa da nauyi, in sun rungumi juna ya sakar masa jiki ya gajiyar da ƙafafunsa, in shi ya kai nasa dukan kamar ya daki bango.

Misalin da masu bin boksin ba sa mantawa shi ne na ranar 26 ga Fabrairu 2000, a Madison Square Garden da ke New York. Arturo Gatti da Joey Gamache sun yi yarjejeniya a kan laba 141, kilo 64 ke nan. A daren damben gidan talabijin na HBO ya sake ɗora su a nasa sikelin. Gamache ya tashi laba 145, Gatti 160. Ya ƙara laba 19 a kwana guda, sama da kilo 8 da rabi. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka ɗaya leda 20, to abin da ya koma jikin Gatti ya kai nauyin leda 17. A turmi na biyu ya shimfiɗe Gamache, wanda ya sami rauni a ƙwaƙwalwa, bai sake dambe ba. Gamache ya kai ƙara yana cewa tun a wurin awon ba a bar sikeli ya tsaya ba aka ce Gatti ya wuce. A 2010 alƙali ya yarda an yi sakaci a awon, amma bai ba shi diyya ba, domin a ganinsa ba a tabbatar sakacin ne ya jawo raunin ba.

Shin wannan ha'inci ne? A doka a'a. Ba a taɓa sikeli ba, ba a ba kowa toshiya ba, kuma ƙofar a buɗe take ga duka biyun. Amma ni ban gamsu ba. An kafa ajin nauyi ne don a san girman mutanen da za su daki juna, ba girman mutanen da suka tsaya gaban 'yan jarida jiya ba. Tambayar da dokar ke son amsawa daban, wadda sikeli ya amsa daban. Kuma abin takaicin shi ne, da kowa ya gane dabarar sai kowa ya shiga yi, ribar ta narke. Mutum biyu masu kilo 76 su azabtar da kansu su sauko 66, su koma 75, su yi damben da da sun yi shi tun farko a ajinsu ba tare da ƙishirwa ba. Wanda ya ƙi yi shi ne ke zama ƙarami a ajinsa. Abin da ya rage a raba shi ne cuta: ƙoda tana wahala, ƙafa tana mutuwa a turmin ƙarshe, likitoci kuma na fargabar kan da bai gama mayar da ruwansa ba ya fi saurin illa in an dake shi. A Disambar 2015 wani matashi ɗan Sin, Yang Jian Bing, ɗan shekara 21, ya rasu a Manila yana cikin rage nauyi, ko fagen bai kai ba.

Hukumomi suna ta faci. IBF tana sake awo da safiyar ranar damben kambunta, kada mutum ya haura iyaka da fiye da laba 10. A 2017 Daniel Jacobs ya ƙi zuwa wannan awo na biyu kafin karawarsa da Gennady Golovkin, ya gwammace ya rasa damar cin kambun IBF da ya shiga fage bai cika ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna darajar 'yan kilon nan a idon masu sana'ar. WBC tana bibiyar nauyi tun saura kwana 30. Wasu kuma cikin takardar yarjejeniya suke rubuta tara: a Afrilun 2025 Chris Eubank ƙarami ya haura laba 160 da abin da bai kai nauyin cokalin sukari biyu ba, aka ci shi tarar dala dubu 500 kafin dambensa da Conor Benn a Landan. Kamfanin ONE, wanda Yang ya yi wasa a ƙarƙashinsa, gwajin fitsari ya ƙara a kan sikeli, don a ga ko jikin da aka auna da ruwansa. Wato sun koma ga tauna ƙwayar shanshera.

Daga Singa zuwa filin Ado Bayero da ke Sabon Gari ba nisa, can ne ake damben gargajiya. Tun zamanin Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe, namu damben bai san sikeli ba. Ido ne ma'auni. Ɗan dambe ya fito ba riga, hannu ɗaure da zare, ya zaga fili ya nemi wanda yake so. Ɗan Arewa ya dubi ɗan Kudu ko na Guramada, manyan ɓangarensa su duba, in sun ga ba sa'ansa ba ne su hana. In an amince a sa zare, turmi uku, ko a yi kisa ko a tashi babu kisa. Ba na cewa ido ba ya kuskure. Kalangu da kirari da kuɗin da ake liƙi sun sha tura yaro gaban wanda ya fi ƙarfinsa, kuma an sha ɗaukar mutane ranga-ranga. Amma jikin da aka kalla shi ne jikin da zai yi damben, a wannan yammacin, ba wanda ya isa ya ɓoye kilo takwas a gida ya ɗauko su gobe.

Yanzu dambe ya shiga intanet, kuɗi sun fara shigowa, wasu masu shirya gasar zamani sun fara raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyi. Abu ne mai kyau, zai ceci ƙananan yara daga hannun ƙarti. Sai dai ranar da kyautar ajin ƙasa ta kai a yi mata wahala, za a sami wanda zai kwana cikin leda a zafin Kano da ke haura digiri 40, ba likita a kusa, sai shawarar abokai. Mayar da awo ranar dambe kaɗai ba zai hana ba, don mai kwaɗayi zai shiga fili a bushe, irin hatsarin da aka gudu tun 1982.

Gidajen dambenmu suna da wata dama da Las Vegas ba ta da ita. Babban ɗan boksin sau biyu ko uku yake fitowa a shekara, shi ya sa yake iya shirya wa awo ɗaya tak. Namu kuwa kusan kullum suna fili, a Kano ko Dei-Dei ko duk inda aka kafa gida. In aka ajiye sikeli a bakin ƙofa, duk wanda ya zo ya hau, a rubuta a littafi, cikin wata biyu za a san ainihin nauyin kowa, a sa shi ajinsa bisa abin da littafin ya nuna. Mutum na iya ƙin shan ruwa kwana biyu don awo ɗaya, amma ba zai iya yin haka duk mako ba yana kuma sa zare.