Satar Fasahar Manhaja: Daga Ina Laifin Yake?

Wanda ya sa Windows ko Photoshop na kwafi a kwamfutarsa yakan ce, me na rage wa mai ita? Tambayar tana da nauyi. Wanda aka sace wa akuya ya wayi gari babu akuya, amma kamfanin da aka kwafi manhajarsa tasa tana hannunsa. Cewa doka ta hana kuma ba ta gamsar da mai tunani, domin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da doka aka yi ta, kuma zalunci ce tsantsa. Haƙƙin mawallafi ma majalisar Birtaniya ce ta tsara shi a 1710, da wa'adin shekara 14 ga sabon littafi. Abin da majalisa ke iya tsawaitawa ko gajartawa ba shi ne ma'aunin daidai da kuskure ba.

Laifin yana cikin gumin da aka ci ba a biya ba. Kwafi ɗaya ba ya cin ko kwabo, amma rubuta manhajar ya cinye shekarun mutane, kuma sun fitar da ita bisa sharaɗin mai amfani zai biya. A kan irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, tunda al'adar zamani ta ba shi ƙima. Masu shirya finafinan Kano sun san wannan a jikinsu: ba a taɓa ainihin faifansu ba, amma jarinsu ya narke.

Za a ce ilimi bai kamata a kulle shi ba. Richard Stallman ya yi imani da haka, sai ya kafa aikin GNU a 1983 don a rubuta manhajar da kowa zai kwafa da yardar masu ita. Irin wannan aiki ya raunana uzurin talauci, tunda manhajoji kamar Linux da LibreOffice kyauta suke. Duk da haka ina yi wa ɗalibi uzuri idan karatunsa ya rataya a kan manhajar da kuɗinta ya fi ƙarfin mahaifinsa kuma babu madadinta. Larura ce, ana auna ta gwargwadonta. Mai shagon da ke karɓar kuɗi yana ɗora wa mutane kwafi kuwa, da ofishin da ke cin riba da ita, sun yarda tana da ƙima tun ranar da suka fara samun kuɗi da ita.