Filin da Aka Rubuta da Sunanki

 

'Yar'uwa, yau maganar fili za mu yi. Wata ɗalibata a ajin matan aure ta same ni bayan an tashi, bakinta har kunne, wai maigidanta ya saya mata filaye biyu da sunanta. Na taya ta murna, sannan na ce a ina? Ashe gonakin bayan gari ne, inda ƙaramar hukuma za ta gina sabuwar kasuwa, shi kuma maigidan yana cikin waɗanda suka zauna suka zaɓi wurin. Tun kafin a zo awo ya bi manoma ya saye a farashin gona. Kuɗinsa ya biya, bai ƙwace ba. To ina laifin?

Laifin shi ne labarin kasuwar nan ba nasa ba ne, amanar ofis ce. Da manomin ya san abin da ke tafe, wallahi ba zai sayar a haka ba. Kuma gobe idan aka zo yanke inda titi zai bi da inda za a haƙa rijiyar burtsatse, wa zai yi magana a bakin maigidan, ma'aikacin jama'a ko mai fili? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a karkara. Kundin tsarin mulki na 1999 kuma ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa inda amfaninsa zai ci karo da aikinsa.

Amma mu tun kafin wannan muna da Sayyidina Umar (RA). An ruwaito cewa ya ga wasu raƙuma masu ƙiba a kasuwa, aka ce na ɗansa Abdullahi ne, ya saya ya kai su makiyayar da aka keɓe. Umar ya san masu kiwo za su fifita su saboda ɗan Amirul Muminina ne, sai ya bar masa uwar kuɗinsa, ribar ya sa a Baitulmali. Ki duba fa, Abdullahi bai saci komai ba, ba ma shi ke riƙe da muƙamin ba.

Yanzu ki tambayi kanki, me ya sa aka sa sunanki? Wani don ƙauna ne, Allah Ya saka masa. Wani kuwa don kada a ga nasa ne. Mu mata mun cika cewa "ni ina ruwana, ba ni aka yi." A'a, da ruwanki, tunda ke kika sa hannu, kuma da kuɗin hayar shagunan za a ciyar da 'ya'yanki.

Ban ce ki ta da rigima ba. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki ce, "Alhaji, na gode, Allah Ya ƙara buɗi. Amma masu gonar nan sun san kasuwa za a yi?" Idan ya ce ba su sani ba, ki roƙe shi ya koma ya faɗa musu gaskiya, ya cika musu kuɗinsu ko ya mayar musu da gonarsu, kuma ya janye daga duk zaman da za a yi a kan wurin. Ɗalibar tawa ta ce min tana tsoron kada ya ba abokiyar zamanta. Na ce in ya ba ta, ki kira ta ɗaki ki gaya mata abin da na gaya miki.