Haƙƙin Barewa a Kan Maharbi

A Ingila da Wales mutum yana iya mallakar lasisin bindiga, ya samu izinin mai daji, ya fita a lokacin da aka buɗe farauta, amma ya zama mai laifi idan bindigar da ya harbi barewa da ita ta gaza ƙarfi. Dokar barewa ta 1991 ta ce faɗin bakin bindigar kada ya gaza inci 0.240, wato milimita 6 da ɗan ɗoriya, ƙarfin da harsashi ke fita da shi kuma kada ya gaza jul 2,305. A 2007 aka yi sassauci game da wasu ƙananan nau'i biyu da asalinsu daga ƙasar Sin aka kawo su, aka yarda da inci 0.220 da jul 1,356. Jamus ma tana da nata ma'auni: manyan namun daji sai da harsashin da ya kai milimita 6.5, wanda ke riƙe da jul 2,000 bayan tafiyar mita 100. Waɗannan alƙaluma sun tsaya ne a kan wata tsohuwar tambaya: dabbar da aka halatta maka ka kashe, tana da sauran haƙƙi a kanka? Ra'ayina shi ne tana da shi, kuma hukuma ta yi daidai da ta mayar da wani ɓangare na haƙƙin ya zama lamba.

Harsashi mai rauni sau da yawa ba ya isa ga zuciya da huhu. Yakan tsaya a ƙashin kafaɗa, ko ya farfasa muƙamuƙi, ko ya shige ciki ya huda hanji. Dabbar takan tsere cikin kurmi, maharbi ya koma gida yana zaton kuskure ya yi, ita kuwa ta yi kwana da kwanaki ba ci ba sha, rauni yana ruɓewa, kafin rai ya yi halinsa. A Birtaniya, inda aka ƙarar da kyarkeci tun ƙarnoni da suka wuce, dole ce ta sa ake rage yawan barewa kowace shekara don kada su cinye ƙananan itatuwa da amfanin gona. Kisan zai auku ko ta yaya. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne tsawon azabar, daƙiƙoƙi ko kwanaki.

Musulmin da ya yi karatun fiƙihu ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Abdullahi ɗan Mugaffal ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana jifa da tsakuwa ta tsakanin yatsu, kuma dalilin hanin shi ne abin lura: tsakuwar ba ta kashe abin farauta, sai dai ta karya haƙori ko ta tsiyaye ido. Makamin da ƙarfinsa ya isa ya raunata amma bai isa ya kashe ba, an hana shi saboda wannan gazawar. Adiyyu ɗan Hatim ya yi tambaya game da wani makamin jifa na itace, aka ba shi amsa cewa abin da ya huda da kaifinsa a ci, abin da ya buge da faɗinsa kada a ci, domin ya shiga cikin bugaggiya da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Ga kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Sahihu Muslim, wanda ya wajabta kyautatawa har a wurin kisa da yanka, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya sun yi saɓani a kanta. Wasu suka hana, suna kwatanta harsashi da dunƙulen yumɓu da ake harbi da shi. Wasu, irin su Shaihu Abdulƙadir al-Fasi, suka halatta, kuma hujjarsu kamar yadda Dasuƙi ya kawo ta ita ce harsashin dalma yana zubar da jini yana kuma gamawa da dabba da sauri, wanda dominsa aka shar'anta yanka. Ke nan halaccin ya rataya ne ga saurin gamawa. Harbin da mai yinsa ya san ba zai gama da sauri ba ya rasa hujjar da aka halatta bindiga da ita tun farko.

Akwai mai cewa wannan duk fuska biyu ce: idan ana tausayin barewa a bar ta da ranta, a daina auna harsashin da za a kashe ta da shi. Maganar tana da nauyi ga wanda ya haramta wa kansa nama gaba ɗaya, amma ta haɗa abubuwa biyu da hankali da addini suka rarrabe. Mutuwa ƙarshen kowane mai rai ce, azaba kuwa ƙari ce da mutum ke iya ɗorawa ko ya ɗauke. Wanda ya ce tunda za a kashe babu ruwan kowa da yadda za a kashe, ya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Wani abu zai ƙara haskaka wannan. A 1899, a taron birnin Heg, ƙasashe suka hana amfani da harsashi mai buɗewa a cikin jiki a fagen yaƙi, amma irin wannan harsashin ne dokar Ingila ta wajabta wa mai harbin barewa. Manufa ɗaya ce ta haifi hukunci biyu. Sojan da aka raunata yana da abokai da za su ɗauke shi da likitan da zai ɗinke shi, don haka tausayinsa shi ne raunin ya zama mai warkewa. Barewa ba ta da mai jinya, tausayinta shi ne kada ta daɗe.

Sukar da ta fi ƙarfi daga maharban kansu take fitowa. Suna cewa inda harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci, kuma lambar ba ta da tushe tsayayye. Suna da abin nunawa: akwai wata barewa mai matsakaicin jiki, 'yar asalin tsibirin Birtaniya, da a Sikotlan ake halatta harbinta da harsashi mai nauyin giram 3.24, alhali da zarar an tsallaka iyaka zuwa Ingila sai da inci 0.240. A 2023 ma Sikotlan ta rage nauyin harsashin manyan barewa daga kimanin giram 6.5 zuwa 5.2, don a samu damar amfani da harsashin da ba na dalma ba. Gaskiya ne lambar aikin mutane ce, tana canzawa idan ilimi ya ƙaru. Sai dai a dubi halin da haƙƙin yake ciki. Mai haƙƙin ba ta magana, ba ta kai ƙara, kuma a cikin daji babu shaida. Hukuma ba za ta iya auna natsuwar hannun maharbi a daidai lokacin harbi ba, abin da take iya dubawa kafin ya shiga daji shi ne bindigarsa. Ba a kuma yi dokar don ranar da komai ya tafi daidai ba. An yi ta ne don ranar da iska ta kaɗa, ko dabba ta motsa, harsashi ya kauce da taƙi ɗaya. A ranar, rarar ƙarfin da gwani ke ganin ba ya bukata ita ce ke raba mutuwar nan take da jinyar mako guda. Saɓanin Ingila da Sikotlan saɓani ne kan inda za a ja layi, ba kan wajabcin jan sa ba.

Ban ce lamba ta sauke dukan nauyi ba. Babbar bindiga a hannun wanda bai iya ba tana raunatawa kamar ƙarama, shi ya sa Jamus ba ta ba da lasisin farauta sai an ci jarrabawa, Norwe kuma ke sa masu farautar manyan dabbobi gwajin harbi kowace shekara. Haka nan maharbin da ke ciyar da iyali da bindigar da maƙeri ya ƙera masa, ba wanda zai ɗora masa alƙaluman Turai. Amma asalin hukuncin ya hau kansa kamar kowa: ya san iyakar makaminsa, ya matsa kusa, ya ƙyale dabbar da ta fi ƙarfin abin da ke hannunsa ko da yunwa na cin sa. Wanda ya san harsashinsa ba zai gama da dabba ba, ya kuma ɗana ya harba, ya zalunce ta, ko dokar ƙasarsa ta ambaci lamba ko ba ta ambata ba.