Ruhu Mai Tsarki Yana Hawan Mutum Ne?

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wata tambaya da ta ke damun masu bi da yawa a ƙauyukanmu, tun ba waɗanda suka fito daga gidajen bori ba. Suna cewa, "Da can, in iska ta zo kowa yana gani da idonsa. To, yaya za mu sani Ruhu Mai Tsarki yana tare da mu?" Waɗansu har sun soma shakkar cetonsu, domin ba su taɓa faɗuwa ko rawar jiki cikin sujada ba. Bari mu duba wannan magana a hankali.

Yadda iska ta ke yi

Mu mutanen Maraɗi da Adar da Damagaram mun san wasan bori. Sai an kaɗa garaya ko goge, an yi wa iska kirarinta, kana ta zo. Wanda ta hau ana ce da shi doki, in mace ce, godiya. Hankalinsa ya kan gushe. In iskar ta sauka ya yi atishawa, ba ya tuna abin da bakinsa ya faɗa. Kuma sai an biya ta: wata baƙar akuya, wata jan zakara, ko da gidan ba shi da abin tuwon dare.

Yadda Ruhun Allah ya ke yi

Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin Mai Taimako wanda zai zauna tare da su har abada (Yohana 14:16, 17). Bulus kuma ya ce jikin mai bi haikalin Ruhu ne (1 Korintiyawa 6:19). Ka ga bambanci? Doki, hawansa a ke yi a sauka. Gida kuwa zama a ke yi a cikinsa. Tun ranar da ka ba da gaskiya ga Yesu, Allah ya buga maka hatimin Ruhunsa (Afisawa 1:13).

Ba a kuma sayensa. A Samariya wani mai sihiri, Siman, ya miƙa wa manzanni kuɗi don su ba shi wannan iko. Bitrus ya tsauta masa ƙwarai, ya ce ya tuba (Ayyukan Manzanni 8:18-22). Saboda haka in wani ya ce ka kawo tunkiya ko jaka biyar kafin ya sauko maka da Ruhu, ka kiyaye shi.

A cikin sujada fa?

Wani zai ce, "Ai Dawuda ya yi rawa a gaban Ubangiji, ranar Fentikos kuma har an zaci almajirai sun bugu." Gaskiya ne. Murna ba laifi ba ce. A buga ganga, mata su yi guɗa, a raira waƙa da ƙarfi. Amma duba abin da ya biyo baya ran nan: Bitrus ya miƙe da hankalinsa, ya yi wa'azin da kowa ya gane, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma.

A ikilisiyar Korinti kowa yana so ya yi magana lokaci ɗaya. Bulus ya dokace su: mutum biyu ko uku su yi, bi da bi, mai baƙon harshe ya yi shiru in babu mai fassara, mai annabci kuma yana da ikon riƙe bakinsa (1 Korintiyawa 14:27-33). Ashe Ruhu ba ya ƙwace hankalin mutum. Abin da za mu tambaya bayan sujada shi ne: tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta koma gida da abin da zai ƙarfafa ta?

Alamar da ba ta ruɗi

Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Karan hatsi ya kan yi tsawo ya ba ido sha'awa, amma ranar sussuka a ke sanin gona. Galatiyawa 5:22, 23 ta lissafta albarkar Ruhu guda 9, ta fara da ƙauna, ta ƙare da kamunkai. A gida a ke ganin waɗannan. Maigida ya daina dukan matarsa? Uwar miji da matar ɗa suna ci ƙwarya ɗaya? Rigimar iyakar gona ta mutu? Tiyar da ka ke saye da ita, ita ce ka ke sayarwa da ita?

A Antakiya, Ruhu ya nuna wa annabi Agabas babbar yunwa tana zuwa. Nan da nan masu bi suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Waɗanda suka ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, sun san nauyin buɗe rumbu domin maƙwabci sa'ad da naka 'ya'yan suna kallo. Wanda ya iya yin haka da farin ciki, Ruhu yana aiki cikinsa, ko da bai taɓa ɗaga murya a majami'a ba.

Ya kai mai karatu, kada ka ji tsoro don ba ka faɗi ƙasa ba. Abin tsoro shi ne ka ɓata wa Ruhu zuciya da ƙarya, da fushi, da ƙullatar ɗan'uwa (Afisawa 4:25-32). Yau da dare ka tara iyalinka, ku karanta Galatiyawa sura 5, kowa ya roƙi Uba albarkar da ya rasa. In kuma akwai wanda ba kwa ga maciji da shi, ka je gidansa kafin Lahadi.