Shin Mai Guduma Ya Kasa Mai Alƙalami?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, akan yanke wani hukunci a gidajenmu. Yaron da ya ci sosai a ce jami'a ta kira shi, wanda ya yi rauni kuwa a ce, "To, a kai shi ya koyi aikin hannu." Abin tambaya shi ne, da wane mudu muka auna har muka ga ilimin da ya sauko zuwa hannu ya kasa wanda ya tsaya a ka?

Ba rashin makarantu ya jawo haka ba. Tun 1956 aka buɗe makarantar koyon fasaha a Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. Ɗalibin injiniya a irin wannan kwaleji yakan yi shekara 2 ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara 1 a wurin aiki, sannan ya ƙara 2 don babbar difloma. Shekara 5 ke nan, daidai da digirin injiniya na jami'a. Duk da haka an daɗe ana ajiye shi a bayan mai digiri a aikin gwamnati. Haka kuma da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da sana'a, amma a makarantu da yawa tsatsa ta cinye su cikin akwatunansu.

Tushen abin yana zukatanmu. Makarantun boko na farko akawu da malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka fi fitarwa, sai muka ɗauka mai ilimi shi ne wanda rigarsa ba ta baƙi. Kafin boko ma, mun san yadda ake kallon maƙeri da majemi, alhali da garmar wancan muke ci, da fatar wannan muke ado.

Mu kuwa muna ganin aikin injiniya makarantar gaskiya ce. Ana iya sayen takardar shaida, ana iya lallashin mai duba jarrabawa, amma ƙarfe ba ya karɓar hanci. Wanda ya rage rodi a dakalin bene, ko ya sa siririyar waya inda wuta mai nauyi za ta bi, ba ya buƙatar mai tona masa asiri. Ginin da gobarar za su yi magana. Yaron da ya saba da wannan tun yana ɗan shekara 18 ya koyi riƙon amana, domin rayukan mutanen da bai taɓa gani ba suna rataye da waldarsa.

Wasu za su ce irin wannan karatu hannu kaɗai yake horarwa, ya bar tunani a kwance. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya idan kwaikwayo kawai aka koya wa yaro. Amma ai dalilin zuwa kwaleji ke nan. A kasuwar Panteka ta Kaduna akwai gwanayen da ke ƙera injin niƙa da idonsu da hannunsu. Abin da ɗalibi zai ƙara a kan nasu shi ne lissafi: ya san dalilin da ya sa wannan ƙarfe zai ɗauki nauyi, wancan ya karye. Hannu da kai tare suke tafiya a nan, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

'Yan uwa marubuta, mu ma da namu kason laifin. Taurarin labaranmu likitoci ne da lauyoyi da 'ya'yan attajirai. Bakanike ba ya shigowa sai motar tauraro ta lalace. Yaro kuwa abin da ya ga ana yabo shi yake buri. Littafin da muke taƙama da shi ma, sai injin ɗab'i ya juya yake isa hannun mai karatu, kuma akwai wanda ke gyara injin nan. Ya kamata mu san sunansa, mu ba shi babi nasa na kansa.