Shin Daƙiƙi ne, ko Lalura ce Gare Shi?

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, kwanan baya wani bawan Allah ya tsai da ni bayan sallar La'asar, yana kukan ɗansa ya shekara uku a lakwal bai iya haɗa baƙi ba. Mushe ya doke shi, malamin allo ya doke shi, shi ma uban ya ƙara. Na sa aka kawo yaron, na biya masa sura sau biyu, sai ga shi ya riƙe ta da ka. Amma da na miƙa masa allo, ya kasa raba ba da ta, jikinsa na ɓari.

Masana sun daɗe da sanin wannan lalura. A shekarar 1887 wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa mata suna disleksiya. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro mai shekara 14, haziƙi a komai, wanda karatu ya gagare shi. Ba ciwon ido ba ne, ba kuma ƙarancin basira ba. Ƙwaƙwalwa ce take wahalar ɗaure harafi da sautinsa, kuma sau da yawa ana gadon abin a cikin dangi. To, ina ga yaron da Hausa yake ji a gida, ya tarar da Faransanci mai rubuta sauti guda da o, da au, da eau?

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: ya halatta a hukunta mutum a kan abin da ba ya da iko da shi? Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa mai karatun Alƙur'ani yana tuntuɓe yana shan wuya lada biyu gare shi. Wanda sama ta ninka wa lada, mu ne za mu ninka wa bulala?

Wani zai ce ai akwai malalata. Gaskiya ne, kuma na san malami mai ɗalibai tamanin ba zai zauna da kowa shi kaɗai ba. Sai dai malalaci in ya so yakan iya, wannan kuwa yana so, yana kuka, ya kasa. Rarrabe su amana ce a wuyan malami.

A bi shi harafi-harafi, kada a kai shi farfaru bai ƙware a babbaƙu ba. Ya zana baƙin da yatsa a kan rairayi yana faɗin sautinsa. A ƙara masa lokaci a jarrabawa, a tambaye shi da baki, kada a tsai da shi gaban sa'o'insa su yi masa dariya.

Yaron nan yanzu kowace safiya bayan Asuba yana zuwa wurina. Mun kai harafin jim.